Intanet na ɗaukewa jifa-jifa a bayan pfSense, amma ita fayawol ɗin tana fita lafiya lau

Baban_Ummi:

Assalamu alaikum. Don Allah masana netwok ku kawo ɗauki, mako uku ke nan ina fama da abu ɗaya, har na fara zargin ko ni ne ban san abin da nake yi ba.

Ga yadda tsarin gidan yake. Ina da ƙaramar kwamfuta marar fanka, irin mai fot huɗu ɗin nan, na ɗora mata pfSense, manhajar fayawol mai tsaron netwok ɗin gida da raba intanet, tun bara. Faiba ce a fot na farko, igc0, da PPPoE take shiga, wato tsarin da kamfanin intanet ke haɗa ka da layinsa. A igc2 akwai rautar 4G mai layin waya, na ajiye ta don ko-ta-kwana. Cikin gida yana kan igc1, adireshinsa 192.168.1.1 kamar yadda ya zo, ban taɓa shi ba, DHCP kuma, mai ba na'urori adireshi, na raba daga .100 zuwa .199. Fot na huɗu babu komai a ciki. Daga igc1 kebul ya tafi wani suwic mai fot takwas, irin wanda ba a yi masa saiti. A jikinsa akwai kwamfutar aikina, da talabijin ɗin falo, da firinta, da na'urar Wi-Fi da na manna a silin ɗin baranda, sai wani dogon kebul da ya tsallaka tsakar gida zuwa sashen ƙanena, inda na sa musu wata tsohuwar rauta tana ba su Wi-Fi. Kayan duk a kan inbata suke, ko an ɗauke wuta ba sa mutuwa.

Matsalar ita ce, ina tsakiyar taron bidiyo da mutanen ofis sai hoto ya daskare. Alamar Wi-Fi a cike, amma babu abin da ke buɗewa. Wani lokaci minti ɗaya ya dawo da kansa, wani lokaci sai an kwashe rabin sa'a. Abin da ya fi ɗaure min kai, ba ya kama kowa a lokaci guda. Jiya da la'asar kwamfutata ta tsaya cak, yara kuwa suna falo suna kallon katun a YouTube, ko gezau. Da daddare sai aka juya: uwargida na ta mitar saƙon muryarta na WhatsApp ya ƙi tafiya, ni kuma a gefenta ina ta aikina. Akwai kuma ranakun da daga safe har dare babu ko tari.

Abin da na gwada a lokacin da abin ke faruwa: ping (ɗan saƙon gwaji da ake aikawa a ga ko za a amsa) zuwa 192.168.1.1 yana amsawa, ƙasa da 1ms ma. Ping zuwa 8.8.8.8, da ke can waje a intanet, shiru, jefi-jefi kuma ya ce min Destination net unreachable, amsar daga 192.168.1.1 ɗin take fitowa. Tracert a matakin farko yake tsayawa. Shafin pfSense kuma ba ya buɗewa sam a wannan lokacin. Da na gaji sai na jona mata allo da kibod kai tsaye, na danna 7 a menu, na yi ping zuwa waje. Tana fita sumul, babu fakiti ko ɗaya da ya ɓace, alhali kwamfutata da ke kusa da ita a mace take.

Na canza kebul biyu. Na kashe suwic na kunna, yakan gyaru na ɗan lokaci. Masu faiba ma sun zo sun auna hasken layin, suka ce lafiyarsa ƙalau, kuma na yarda da su. Abu ɗaya da na gani a log na Gateways, wato ƙofofin fita waje, shi ne layin 4G yana yawan yin ƙararrawa da yamma, jinkiri ya wuce 500ms. Ko shi ne? Na gode.

MaiKebul:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Duk wanda ya ce min yana da layi biyu kuma intanet na yanke masa jifa-jifa, wurin da nake fara leƙawa ke nan, don sau da yawa a nan gizo ke saƙar.

pfSense na da wani ɗan leƙen asiri, dpinger, da ke aika ping duk rabin daƙiƙa ta kowace ƙofar fita. A saitin asali, in jinkiri ya wuce 200ms sai ya yi gargaɗi, in ya wuce 500ms ko asarar fakiti ta haura kashi 20 cikin ɗari sai ya ce layin ya faɗi. Waɗannan alƙaluman don faiba sun yi daidai, amma layin waya da magariba, lokacin da unguwa gaba ɗaya ta hau kan eriya ɗaya, wuce 500ms ba wani abu ba ne. To in ka kunna zaɓin nan na State Killing on Gateway Failure a System, Advanced, Miscellaneous a kan ya share komai, faɗuwar layin ko-ta-kwana kaɗai za ta iya sa a goge duk haɗin da ke tafiya, har wanda ke kan faiba. Taron bidiyo shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

Duba abu uku. A rukunin ƙofofin naka faiba ce Tier 1, 4G kuma Tier 2, ko ka sa su a mataki ɗaya? Me ka zaɓa a Trigger Level? In ka sa Packet Loss or High Latency, mayar da shi Member Down ka gani. Sannan wane adireshi kake sa ido a kai? In 192.168.8.1 ne, wato ita rautar 4G ɗin kanta, aikin banza ne, don ko datarka ta ƙare za ta ci gaba da amsawa. In kuma 8.8.8.8 ka sa, ka sani pfSense na kafa tsayayyar hanya zuwa wannan adireshin ta wannan layin kawai. Ke nan in shi ne kuma DNS ɗinka, mai juya sunan shafi zuwa adireshi, tambayoyin pfSense na DNS ta layin waya suke bi ba ka sani ba. Ni nakan ba kowane layi adireshin sa-ido daban, wanda ba na amfani da shi a komai.

ɗan_Sabongari:

Oga tunda PPPoE ne ka duba MTU, wato iyakar girman fakiti. 1492 ne ba 1500 ba, kan PPPoE na cin 8. Daga Windows ka buga ping -f -l 1464 8.8.8.8, in ya wuce to lafiya, in sai ka rage sosai kafin ya wuce to ka daidaita MSS. Ni haka tawa ta yi min, wasu shafuka su buɗe wasu su tsaya rabi.

Baban_Ummi:

Allah ya saka da alheri, duka na gwada. MaiKebul ka kama ni a abu biyu: 8.8.8.8 na sa wa 4G, kuma share haɗin nan a kunne yake, ban ma tuna ranar da na kunna shi ba. Na gyara, na ɗaga iyakar jinkirin 4G, log ɗin ya yi tsit. Na kwana biyu ina murna, har na ce wa uwargida an gama. Yau da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe abin ya dawo, kuma wannan karon log na Gateways babu ko layi ɗaya. Don in cire shakka ma na zare kebul ɗin 4G gaba ɗaya, duk da haka.

Ɗan Sabongari, 1464 na wucewa lafiya in intanet ɗin na nan. In ya ɗauke kuma ko ƙaramin ping na 32 ba ya fita, ka ga ba maganar girman fakiti ba ce.

Maman_Walid:

Malam Baban Ummi, ni dai da na karanta bayaninka na farko wuri ɗaya ne ya tsaya min a rai, kuma ba layin waje ba ne. Ka ce 192.168.1.1 na amsa ping, amma shafin pfSense ba ya buɗewa, ita kuma fayawol ɗin tana fita waje lafiya. Ka kuma ce wani na ciki wani na waje a lokaci guda. Da ƙofar fita ce ta faɗi, gidan gaba ɗaya zai ji tare, kuma shafinta zai buɗe maka ko da an tsinke faiba da almakashi, don shi ba ya buƙatar waje. To tambayata: ka tabbata wanda ke amsa maka a 192.168.1.1 ɗin pfSense ce?

Bari in yi bayani kaɗan, don na ga mutane da yawa na tsallake wannan matakin. A cikin gida, kwamfutarka ba da adireshin IP take miƙa fakiti ba, da lambar MAC take miƙawa, wato lambar da ke jikin katin netwok na kowace na'ura. In za ta fita waje sai ta yi shela ga kowa a kan suwic: wa ke da 192.168.1.1? Wannan shi ne ARP. Wanda ya amsa sai ta rubuta lambarsa ta ajiye na ɗan lokaci, duk abin da za ta aika waje kuma gare shi za ta kai. ARP ba ya neman shaida, duk wanda ya ce ni ne an yarda da shi. In na'urori biyu na iƙirarin adireshi ɗaya, kowace waya da kowace kwamfuta za ta riƙe wanda ta samu, in ta sake tambaya kuma tana iya faɗawa hannun ɗayan. Shi ya sa za ka ga talabijin na aiki kwamfuta ba ta yi, bayan an jima su yi musaya. Shi ya sa kuma kashe suwic ke gyarawa na ɗan lokaci, don in layi ya yanke ya dawo sai kowa ya sake tambaya daga farko.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Yanzu da intanet ke aiki, buga arp -a a Windows, ka rubuta lambar da ke gaban 192.168.1.1 a takarda. Ka kwatanta da ta igc1 a Status, Interfaces, ya kamata su zama ɗaya. In abin ya sake ɗaukewa, kar ka taɓa komai, kar ka kashe komai, ka sake buga arp -a. In lambar ta canza, ka kama ɓarawonka. Kashi uku na farkon lambar na kamfanin da ya ƙera na'urar ne, da su za ka gane ko wace ce.

Sannan ka bar log na Gateways, ka koma na System, General, ka nemi kalmar arp. pfSense a kan FreeBSD take, shi kuma FreeBSD ba ya shiru in wani ya ɗauki adireshinsa, yana rubutawa ƙarara.

Kar ka dogara da ipconfig /all a nan. Zai nuna maka DHCP Server 192.168.1.1, ƙofar fita 192.168.1.1, komai daidai a ido, ko da wata na'urar ce ta ba ka. Sai dai ka duba tsawon hayar adireshin. Na pfSense na asali daƙiƙa 7200 ne, sa'a biyu. In ka ga an ba ka kwana guda kuma ba kai ka canza ba, to akwai mai rabon adireshi na biyu a gidan.

Tsohuwar rautar nan ta sashen ƙaninka, yaushe rabonka da shiga cikinta?

Baban_Ummi:

Hajiya Maman Walid, Allah ya biya ki. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa.

Ban ma jira ya ɗauke ba, log ɗin na fara buɗewa. Layi ɗaya ne ya cika shi, an maimaita ba adadi: arp, sai wata lambar MAC, sai is using my IP address 192.168.1.1 on igc1! har da alamar motsin rai a ƙarshe, kamar tana yi min ihu tun mako uku ni kuma ina can ina leƙen wani shafin. Da abin ya ɗauke bayan azahar na buga arp -a, lambar ta canza zuwa waccan ta cikin log. Sai na rubuta adireshin a burauza da http zalla, ba https da na saba ba. Shafin shiga na tsohuwar rautar ne ya bayyana.

Na ɗauki takalmi na tsallaka sashen ƙanena. Na juya rautar, lambar da ke jikin takardar ƙasanta ita ce dai. Da na tambaya sai aka yi ta kallon-kallo, can babban ɗansa, wanda ke aji biyar a sakandare, ya ce shi ne. Wai an yi baƙi, an manta kalmar sirrin Wi-Fi, ni kuma na yi tafiya, sai ya nemo a intanet yadda ake yi, ya sa tsinken sakace ya danna ramin nan na baya mai goge saiti har fitilun suka ɗauke. Ya sake sa sunan Wi-Fi ɗin yadda yake a da, ya sa sabuwar kalmar sirri, a ganinsa ya gyara. Gaskiya ban iya yi masa faɗa ba, don rabin aikin ya yi shi daidai. Abin da bai sani ba, lokacin da na kafa ta na kashe mata DHCP na kuma mayar da ita 192.168.1.2. Da ya danna, sai ta koma yadda ta fito daga kwali: 192.168.1.1, DHCP a kunne, tana jiran intanet ta fot ɗin WAN da babu komai a ciki. Duk fakitin da aka miƙa mata ba ta da inda za ta kai shi. Ga inda Destination net unreachable ɗin nan ke fitowa, gaskiya take faɗa min, ni ne ban san da wa nake magana ba.

Sai kuma abin da ya ba ni kunya. A sama na rubuta cewa kayan duk a kan inbata suke. Ba haka ba ne, na ɓangarena ne kawai. Sashen ƙanena wutar gari suke sha kai tsaye. Ke nan in an ɗauke wuta rautar ta mutu, gidana ya zauna lafiya. In an kawo wuta ta farka, rikici ya tashi. Ranakun nan da na ce babu ko tari, da kwana biyun da na yi ina murna bayan gyaran MaiKebul, duk lokacin da unguwarmu ke cikin duhu ne. Ni kuwa da yake inbata ba ta bari in ji shigowar wuta ko fitarta, ban taɓa haɗa abin biyu ba. Da na bi sa'o'in da ke log ɗin, sai ga shi sun zama kamar rajistar lokutan da aka kawo mana wuta.

Na ce da ƙanena, ku ba ku lura intanet ɗinku na yankewa ba? Ya ce sun lura tun tuni, sun ɗauka ni ne na rage musu, suka ji nauyin tambaya, kowa ya koma sayen data a wayarsa.

Yanzu na zare ta daga dogon kebul ɗin, na jona laftof kai tsaye, na kashe DHCP, na mayar da ita .2, sannan na mayar da kebul. Na kashe Wi-Fi na wayoyin gidan na kunna don su karɓi sabon adireshi. Ana da wuta tun la'asar, log ɗin shiru.

tsohon_injiniya:

Madalla. Amma Baban Ummi abin da ka yi mayar da hannun agogo baya ne kawai, tarkon na nan inda yake. Ramin nan bai toshe ba, tsinken sakace kuma bai ƙare a gidan ba. Wasu tsofaffin rautocin ma ba sai an danna ba, in wuta ta yi ta kawowa tana ɗaukewa suna iya zubar da saitinsu da kansu.

Abu na farko, ka tashi daga 192.168.1.0/24. Shi da 192.168.0.0/24 su ne unguwar da kusan kowace rauta ta kasuwa ke sauka in ta fito daga kwali. Adireshin da aka ware don amfanin cikin gida tun 1994 faɗi gare shi: 10.0.0.0/8 gaba ɗaya, da 172.16.0.0/12, da 192.168.0.0/16. Zaɓi wani abu da ba wanda zai faɗo kansa bisa kuskure, kamar 10.27.4.0/24. Zai kuma yi maka amfani ranar da za ka shigo gida ta VPN daga otal ko ofis, don in can ma 192.168.1 suke, hanya za ta rikice.

Sai dai wannan rikicin ARP kawai yake kashewa. In aka sake danna ramin, rautar za ta ci gaba da rabon adireshi, wayar da ta karɓi nata kuma ta shiga rami. Maganin wannan ko dai suwic mai saiti wanda ke da DHCP snooping, mai toshe duk wani mai rabon adireshi da ba a amince da shi ba, ko kuma abin da ba zai ci maka ko kwabo ba: kana da igc3 a zaune. Zare dogon kebul ɗin daga suwic ka kai shi can, ka ba shi nasa rukunin adireshin da nasa DHCP. Shelar ARP da ta DHCP ba sa tsallake fayawol, duk abin da ya faru a can a can zai tsaya. Ka tuna dai sabon fot a pfSense ba ya zuwa da dokar wucewa ko ɗaya, sai ka rubuta masa, in ba haka ba za su samu adireshi amma ba za su fita ba. In kuma kana so su riƙa amfani da firintarka, dokar da ta ba su izinin zuwa gare ta ta zauna a saman wadda ke tura su rukunin ƙofofin fita, don in tana ƙasa fakitin waje za a cilla shi.

Wata magana daban, tunda kebul ɗin jan ƙarfe ne kuma ya ratsa fili tsakanin gini biyu: damina na zuwa. In ka kai shi igc3 kai tsaye, tsawa in ta biyo shi fayawol ɗin za ta samu, ba suwic mai araha ba. Ko ka sa abin kariya a bakinsa, ko ka ja faiba tsakanin sassan biyu da ƙananan na'urorin juyawa a kowane gefe.

MaiKebul:

Na sara wa Hajiya, ni na tafi neman ɓarawo a bakin titi ashe yana cikin ɗaki. Amma gyaran 4G ɗin ka bar shi yadda muka yi, ranar da faiba ta yanke za ka gode min.

Ranka ya daɗe tsohon injiniya, a kan igc3 ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Canza adireshin gidan gaba ɗaya ne nake ganin a bi a hankali. Mutumin da ke aiki daga gida, da firinta mai tsayayyen adireshi, wataƙila da kyamarori, in ya tashi yi a daren Lahadi zai wayi gari Litinin yana neman firinta. In ya raba sashen ƙanin nasa, gaggawar ta ragu. Ya bari sai ranar da ba shi da taro.

Baban_Ummi:

Na bi shawarar igc3 jiya Asabar. Sashen ƙanena yanzu 10.27.5.0/24 suke, na ɓangarena na bar shi a 192.168.1 tukuna kamar yadda MaiKebul ya ce, sai an yi hutu. Na manta dokar wucewar duk da an gargaɗe ni, sai da yaron ya zo ya ce Baba ga adireshi amma babu intanet, muka zauna tare muka rubuta ta. Shi na sa ya danna ramin da gangan don mu gwada. Sashensu ya rikice, nawa ko motsi, log ɗin igc1 kuma babu komai. Daga nan na bar shi ya mayar da saitin da hannunsa, ya kashe DHCP ɗin da kansa, muka rubuta kalmar sirrin a takarda muka manna a ƙasan rautar, muka kuma liƙe ramin da salatif.

Saura maganar tsawa. Na auna tsakanin sassan biyu, mita 38 ne ta inda kebul ɗin ya bi. Ranka ya daɗe, na'urorin juyawar nan na faiba, akwai wanda ke aiki da 12V kai tsaye? Ina so in ɗora na ɓangaren ƙanena a kan ƙaramin batir tare da rautar, tunda yanzu ba na tsoron ta kwana a kunne.